Karatun Shugabancin Asibiti Bayan Digiri: Jagora Ga Likita, Nas Da Sauran Ma'aikatan Lafiya

A asibitocinmu shugabanci kan zo wa mutum ne ta hanyar daɗewa. Likita ya yi shekara shida a jami'a, ya yi shekarar horo, ya yi bautar ƙasa, ya ƙara wasu shekaru biyar ko shida kafin ya zama ƙwararre, sai wata rana takarda ta iso daga ofishin babban darakta cewa shi ne sabon shugaban sashe. Nas ta shafe shekara ashirin tana kwana a kan marasa lafiya, sai a wayi gari ita ce metiron. Daga ranar aiki ya sauya kama. Abin da ke jiran su a tebur shi ne jadawalin aikin wata, takardar neman man janareta, ƙorafin dangin wani majinyaci, wasiƙar ƙungiyar ma'aikata, da tambayar odita kan magungunan da suka lalace a sito. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da aka koya musu a aji.

Don irin waɗannan mutane aka ƙirƙiro karatun shugabanci da gudanarwa na bayan digiri. A Amurka tun 1934 Jami'ar Chicago ta buɗe kwas na digiri na biyu kan tafiyar da asibiti. A Ingila sai a 1983 aka farga sosai, lokacin da gwamnati ta ɗauko Roy Griffiths, babban manaja a kamfanin kantunan Sainsbury's, ta ce ya duba mata hukumar lafiya ta NHS. Ya dawo ya ce babbar cutar da ya gani ita ce ba a san takamaiman wanda alhakin tafiyar da al'amura ke wuyansa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a tsarinta na 2007 mai ginshiƙai shida, ta jera shugabanci tare da kuɗi, ma'aikata, magunguna da kayan aiki, bayanai, da hidimar da ake yi wa jama'a.

Yanzu kwasa-kwasan sun yi yawa har sun zama kasuwa, tallarsu na bin mutum har cikin waya. Shawarata ga mai niyya guda ce, kuma duk abin da zai biyo baya a kanta ya rataya: kada ka cike fom ɗin kowace jami'a sai kana riƙe da wata matsala guda ta wurin aikinka wadda ta dame ka, ka san girmanta, kuma kana son koyon yadda ake warware ta. Wanda ya zaɓi kwas kafin ya san matsalarsa, ya yi aikin telan da ya yanka yadi bai auna mai riga ba.

Matsalar da za ka tafi da ita

Ba a son magana mai faɗi irin ta "babu kuɗi" ko "ma'aikata ba su da kishi". Wannan ƙorafi ne, kowa na da irinsa. Abin da ake so shi ne wanda za a iya ƙirgawa. Ɗauki ɗakin haihuwa: minti nawa ake kwashewa daga lokacin da likita ya ce a yi wa mace tiyata zuwa lokacin da aka ciro jariri? Tun aikin Thaddeus da Maine na 1994, masu nazarin mutuwar mata wajen haihuwa suke raba jinkiri gida uku: jinkirin yanke shawarar zuwa asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na farko da na biyu a gida da hanya suke. Na ukun kuwa cikin harabar asibiti yake, kuma in ka bi diddiginsa, sau da yawa ba ƙarancin ƙwarewar likita za ka tarar ba. Za ka tarar babu jini a ma'ajiya, ko mai sa barci ya tafi gida, ko makullin ɗakin tiyata na aljihun wanda ba ya nan, ko miji na can ya bi layin biyan kuɗi. Duk waɗannan aikin shugaba ne.

Mai harhaɗa magunguna zai iya tambayar kansa kwana nawa a wata ake rasa oxytocin ko magnesium sulphate, alhali asusun juya kuɗin magani, wanda aka gada daga Shirin Bamako na 1987, an kafa shi ne don abin da aka sayar ya maye gurbin kansa. Shugaban ɗakin gwaje-gwaje ya duba awa nawa sakamako ke yi kafin ya isa hannun likita. Mai riƙe da asibitin sha-ka-tafi a ƙauye ya ƙirga yara nawa suka karɓi allurar Penta ta farko amma ba su dawo ta uku ba.

Ka ɗauko rajistar watanni uku da suka wuce, ka zauna ka ƙirga, ka rubuta shafi guda: mene ne matsalar, nawa ce, wa take shafa, me aka taɓa gwadawa. Wannan shafin za ka riƙa dawowa kansa. Da shi za ka auna kwas, daga cikinsa takardar neman gurbi za ta fito, shi za ka nuna wa maigidanka ranar neman hutun karatu, kuma shi ne tushen kundin digirinka.

Wane digiri ne naka?

Sunayen suna rikita mutum, amma bambancinsu na gaske ne. MPH, digirin lafiyar jama'a, al'umma yake kallo: yaɗuwar cututtuka, ƙididdiga, shirye-shiryen rigakafi. Gudanarwa a cikinsa darasi ɗaya ne ko biyu, sai fa in an ɗauki reshen tsare-tsare da gudanarwa. Ya dace da mai hangen ma'aikatar lafiya, hukumar lafiya matakin farko, ko ƙungiyoyin agaji. MHA da 'yan'uwansa masu sunan gudanar da asibiti su ne suka fi kusa da teburin darakta: kasafin kuɗi, ma'aikata, sayayya, ingancin kulawa. MBA ya fi kowa ƙarfi a lissafin kuɗi da dabarun kasuwanci, don haka mai asibitin kuɗi ko mai aiki da kamfanin inshorar lafiya zai ci moriyarsa. Rauninsa shi ne yawancin misalan aji daga banki da masana'anta suke fitowa, kai za ka mayar da su asibiti da kanka. Akwai digirin tattalin arzikin lafiya da tsare-tsare, irin wanda makarantar LSHTM da LSE ke bayarwa tare a Landan, ga mai son zama inda ake yanke shawarar yadda za a raba kuɗi. Sai kuma digirin da aka sa wa sunan shugabancin lafiya zalla, wanda ya yawaita a Ingila. Yana da kyau wajen koyar da sanin kai, jan ragamar tawaga da kawo sauyi, amma a duba shi da kyau, domin wasunsu mutum kan gama bai taɓa buɗe takardar kasafi ba.

Jami'o'in Birtaniya na da wani tsari mai amfani ga mai ƙaramin ƙarfi. Digirin na da maki 180. Wanda ya tara 60 ya tsaya, za a ba shi satifiket na bayan digiri. Wanda ya kai 120, difloma. Wanda ya ƙara kundin bincike mai maki 60, mastas cikakke. Ke nan mutum na iya farawa da matakin farko, ya ga ko karatun na amfaninsa, kafin ya ɗaure kansa da bashi.

A gida kuma akwai tarkon da mutane da yawa ba sa gani sai sun gama. Jami'o'inmu sun raba digiri na biyu gida biyu, na ilimi da na sana'a. Na ilimi, wato MSc mai cikakken kundin bincike, shi ke buɗe ƙofar digiri na uku. Na sana'a a jami'o'i da dama nan ya tsaya. In kana koyarwa a jami'a ko kwalejin jinya, ko kana da burin digirin digirgir, ka tambayi makarantar nazarin bayan digiri a rubuce tun kafin ka biya ko sisi. Mai HND ko mai digiri da sakamako mai rauni galibi sai ya bi ta diflomar bayan digiri, wato PGD, tukuna.

Gida, maƙwabta, waje, ko intanet

Ba sai an hau jirgi ba. Jami'ar Ibadan na da sashen tsare-tsare da gudanar da harkar lafiya, haka ma Jami'ar Najeriya a harabarta ta Inugu. A Kano, Jami'ar Bayero na da cibiyar ACEPHAP da Bankin Duniya ya tallafa wa kan lafiyar al'umma da tsare-tsarenta, ga kuma Makarantar Kasuwanci ta Dangote ga mai son MBA. Jami'ar Ahmadu Bello na da cibiyar karatu daga nesa wadda ke bayar da MBA ga masu aiki. Ma'aikacin gwamnati na iya samun gajerun kwasa-kwasai a ASCON da ke Badagry, amma cibiyar NIPSS ta Kuru ta manya ce, tura mutum ake yi, ba nema ake ba. Ɗan Nijar mai karatu da Faransanci ya duba CESAG da ke Dakar, wadda ta yi suna a gudanar da harkar lafiya da tattalin arzikinta, ko cibiyar IRSP ta Ouidah. Ɗan Gana na da GIMPA da makarantar kasuwanci ta Jami'ar Gana a Legon. Waɗanda kuma aiki ya riga ya kai su NHS, akwai shirye-shiryen makarantar shugabanci ta hukumar, irin su Mary Seacole ga sabon shugaba da Elizabeth Garrett Anderson wanda ke kaiwa ga mastas.

Karatun gida ya fi sauƙin kuɗi, kuma malamanka sun san abin da ake nufi in an ce "ba a saki kuɗi ba". Abokan ajinka su ne gobe za ka tarar a ma'aikata da hukumar kula da asibitoci, wannan kuwa ba ƙaramar riba ba ce. Illarsa yajin aiki da jan lokaci; kwas ɗin wata goma sha takwas kan iya cin shekara uku. Karatun waje na ƙarewa a kan lokaci, yana kuma nuna maka yadda ake aiki inda komai ke rubuce. Sai dai tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023 kuɗinsa ya fi ƙarfin albashin mafi yawan ma'aikata, kuma daga Janairun 2024 Birtaniya ta hana mafi yawan masu mastas na aji zuwa da iyali. Ga mai mata da 'ya'ya, ko matar aure mai goyo, wannan kaɗai na iya yanke hukunci.

A ra'ayina, ga wanda ya riga ya hau kujera, karatu ba tare da barin aiki ba ya fi, ko na ƙarshen mako ko na intanet. Abin da aka koya maka ranar Asabar kana iya gwada shi ranar Litinin.

Ko ina ka zaɓa, ka tantance. A Najeriya ka tabbatar Hukumar Kula da Jami'o'i, NUC, ta amince da jami'ar da kuma shi kansa kwas ɗin, domin amincewa da jami'a daban, amincewa da kwas daban. Takardar waje sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance ta. Ba a manta ba yadda wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya samo digiri daga Kwatano na Benin cikin makonni shida, abin da ya sa gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a farkon 2024. Duk "cibiyar" da ta yi maka alkawarin mastas cikin wata uku, da bikin ba da hula a otal, ka riƙe kuɗinka.

Abin da za ka nema a manhaja

Kada ka tsaya a shafin talla. Ka nemi jerin darussa da yadda ake jarraba kowanne, ka ajiye shafinka na matsala a gefe, ka riƙa tambaya: wannan darasin me zai ƙara min a nan?

Na farko kuɗi. Shugaban da bai iya karanta kasafi ba, akanta ne ke mulkinsa. Ya kamata ka fita kana iya lissafa nawa tiyata guda ke ci wa asibiti in an haɗa da wuta, iskar numfashi da lokacin ma'aikata, kana kuma fahimtar bambancin biyan da ake yi wa asibiti a kan kowane mai rajista, ko ya zo ko bai zo ba, da biyan da ake yi a kan kowace hidima. Waɗannan hanyoyi biyu na biya suna sauya halin asibiti: ɗaya na jan sa ya rage aiki, ɗaya na jan sa ya ƙara ko da babu buƙata. Tunda dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya, kuma jihohi sun kafa hukumominsu na taimakekeniyar lafiya, wannan ilimin ya zama na dole har ga mai riƙe da ƙaramin asibiti.

Na biyu mutane, kuma nan ne aikin ya fi ɗaci. Yadda ake tsara jadawali da adalci, yadda ake yi wa wanda ya girme ka gyara ba tare da ka ci masa fuska ba, yadda ake zama da shugabannin ƙungiya kafin wa'adin yajin aiki ya cika, yadda ake riƙe ƙwararru a lokacin da kowa ke neman hanyar fita waje. Kwas mai kyau ba lacca kawai zai yi maka ba. Zai sa abokan aikinka na sama da na ƙasa su faɗi yadda suke ganinka ba tare da suna ba. Karanta wannan sakamako ba daɗi, amma da wuya ka sami darasin da ya fi shi.

Na uku ingancin kulawa da kare majinyaci. Nan za ka haɗu da Avedis Donabedian, wanda a 1966 ya ce a auna inganci ta fuska uku: abin da ake da shi na gini, kaya da ma'aikata, abin da ake aikatawa, da abin da ya sami majinyaci a ƙarshe. Mu mun fi son na farko, domin shi ake yanke wa kyalle a gaban gwamna. Za ka kuma karanta labarin takardar dubawa ta tiyata mai abubuwa 19 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008. A gwajin farko a asibitoci takwas, har da na Ifakara a Tanzaniya, mace-macen bayan tiyata sun sauka daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin ɗari. Amma da lardin Ontario na Kanada ya wajabta ta a asibitocinsa, binciken da aka buga a 2014 bai ga wani sauyin a-zo-a-gani ba. Takarda iri ɗaya, sakamako daban. Abin da masana da dama suka fahimta shi ne, cika takarda ba shi ne aikin ba; aikin shi ne a samar da ɗakin tiyatar da ƙaramar nas za ta iya ce wa babban likita "ranka ya daɗe, ba mu ƙirga audugar ba", kuma ya tsaya. Wannan kuwa shugaba ne ke gina shi.

Ga ɗaya gefen kuma, akwai abin da ya faru a asibitin Stafford na Ingila, inda hukumar asibiti ta duƙufa kan cimma alƙaluman kuɗi da na lokacin jira alhali marasa lafiya na kwance cikin ƙazanta da ƙishirwa. Rahoton Robert Francis na 2013 ya zo da shawarwari 290. Duk kwas ɗin da zai koya maka alƙaluma ya kasa koya maka zagaya ɗakunan kwanciya da ƙafarka, ya bar ka da rabin sana'a.

Na huɗu bayanai. Ba a ce ka zama masanin ƙididdiga ba, amma ka iya ciro alƙaluman asibitinka daga DHIS2, manhajar tattara bayanan lafiya, ka gane na gaskiya da na cike gurbi, ka iya sarrafa Excel ba tare da ka kira yaron ofis ba.

Na ƙarshe doka, kuma wannan babu jami'ar waje da za ta koya maka. Ka nemi Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ka karanta da kanka. Ita ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko da aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, ita kuma ta haramta korar mai buƙatar agajin gaggawa. Ka san Dokar Sayayya ta 2007 ko takwararta ta jiharka, ka san yadda asusun bai-ɗaya na TSA ya sauya hanyar kashe kuɗin shiga a asibitocin tarayya tun 2015, ka san dokokin aikin gwamnati kan tuhuma da ladabtarwa. Shugabannin asibiti da ke shiga uku, sau da yawa ba a kan magani ba ne, a kan sa hannu ne.

Takardu, kuɗi da izini

Ka fara neman takardar sakamakonka ta jami'a, wato tiransikirif, watanni kafin a buɗe fom. Ita ta fi komai ɓata lokaci. Ka tanadi shaidar bautar ƙasa da lasisin aikinka na bana. Masu yi maka shaida su zama biyu, malamin da ya san karatunka da shugaban da ya ga aikinka da idonsa. Wasiƙar babban mutum wanda bai san ka ba, masu tantancewa na gane ta tun layin farko.

Takardar bayanin manufa ita ce inda mutanenmu suka fi faɗuwa. Kowa na rubuta cewa tun yana yaro yake son taimakon al'umma. Kai ka buɗe da alƙalumanka: a sashena kaza ke faruwa, na gwada kaza, ya tsaya a nan saboda ban san kaza ba, darasi kaza na kwas ɗinku shi nake buƙata. Mai karanta ɗaruruwan takardu zai tuna da taka.

Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya na biyan mastas na shekara guda, yana neman aƙalla shekara biyu ta aiki, wato awa 2,800, da sharaɗin komawa gida na shekara biyu. Hukumar tallafin Commonwealth na da reshen karatu daga nesa, wanda ya fi dacewa da wanda ba zai iya barin aiki ba. DAAD ta Jamus na da shiri ga ma'aikata daga ƙasashe masu tasowa, shi ma da sharaɗin shekara biyu ta aiki. Malaman manyan makarantun gwamnati su tuntuɓi ofishin TETFund na makarantarsu. Sharuɗɗan nan na sauyawa, don haka ka karanta na shekarar da kake nema. In ana buƙatar jarrabawar Turanci irin ta IELTS, ka yi ta da wuri.

Sai izini. Akwai hutun ƙaro karatu mai albashi, akwai marar albashi, kuma mai albashin na zuwa da yarjejeniyar dawowa a yi aiki na wasu shekaru. Ka karanta ta kafin ka sa hannu, kai da masu tsaya maka. Ko da karatun na ƙarshen mako ne, ka nemi amincewa a rubuce ta hannun shugabanka. Wanda ya yi karatu a ɓoye kan zo ranar ƙarin girma a ce ba a san da takardarsa ba.

Karatu da aiki a lokaci guda

Ka yi lissafin lokaci da gaskiya. A tsarin Birtaniya kowane maki ɗaya awa goma ce ta karatu, ke nan mastas awa 1,800. In ka raba a shekara biyu, kusan awa 18 ke nan kowane mako. A shekara uku, kusan 12. Ina za su fito, ga kwanan asibiti, ga iyali, ga zumunci? Ka zauna da mai ɗakinka, ko ki zauna da maigidanki, a yi maganar tun farko. Ka ware lokaci tsayayye, bayan Asuba ya fi wa da yawa, ka kuma roƙi a sassauta maka jadawali a makonnin miƙa aiki. Mai karatun intanet ya tanadi layin waya biyu da abin ajiye caji.

Salon rubutun ma daban yake. Mun saba da jarrabawar da amsarta guda ce. A nan za a ce ka auna ra'ayoyi biyu, ka faɗi inda kowanne ya gaza, ka ɗauki matsaya. Ɗalibi mai ƙwaƙwalwa kan sami maki ƙasa a aikin farko saboda ya jero abin da littafi ya ce bai sa nasa ba. Kwafar rubutun wani kuwa, manhajar Turnitin na kamawa, kuma hukuncin na iya kaiwa ga kora.

Kundin digiri

Ɗakunan karatunmu cike suke da kundaye masu taken "sani da ra'ayin ma'aikata game da kaza", an raba takardar tambayoyi, an zana jadawali, an rufe. In jami'arka ta yarda, ka yi aikin gyara na gaske a kan matsalar da ka zo da ita. Hanyar da aka fi koyarwa ita ce zagayen nan mai mataki huɗu da ake dangantawa da Deming: ka tsara ƙaramin sauyi, ka gwada, ka duba abin da ya fito, ka gyara ka sake.

A koma ɗakin haihuwa. A ce bincikenka ya nuna layin biya ne ke cin lokaci. Sai ka shirya ƙunshin kayan tiyatar gaggawa guda biyar a ajiye a ɗakin, a yi aiki tukuna a biya daga baya. Kada ka fara da asibiti gaba ɗaya. Ka gwada a aikin dare na mako guda. Ka rubuta mintunan kowace mace, ka zana su a layi mako bayan mako, ka manna a bango inda kowa zai gani. Amma ka auna ɗaya ɓangaren ma: nawa ne ba a biya ba? In ka manta da wannan, akanta zai kashe shirin a wata na biyu, kuma yana da gaskiya. Shi ya sa tun ranar farko za ka jawo shi, da mai sito, da metiron, su zama cikin aikin. Ka sami amincewar kwamitin ɗa'ar bincike kafin ka taɓa fayil ɗin kowa, kada kuma sunan majinyaci ya shiga kwamfutarka. In gwajin bai yi nasara ba, ka rubuta dalili. Masu jarrabawa na ba da maki a kan fahimta, ba sai lallai a kan nasara ba.

Bayan an dawo

Digirin ba ya ba da kujera da kansa. A asibitocin koyarwa na tarayya, dokar 1985 ta keɓe muƙamin babban darakta ga likita mai shaidar ƙwarewa, abin da ƙungiyar JOHESU ta sauran ma'aikatan lafiya ta daɗe tana ja da shi, ƙungiyar likitoci ta NMA kuma tana karewa. Nas ko mai harhaɗa magunguna ya san da wannan kafin ya kashe kuɗinsa. Amma ƙofofin da ke buɗe gare shi suna da yawa: shugabancin sashensa, kwamitin inganci, hukumomin inshora da na lafiya matakin farko, asibitocin kuɗi, da ƙungiyoyin agaji, inda ake tambayar me mutum ya iya kafin a tambayi me ya karanta a digirin farko.

Ka kai takardar shaidarka ofishin ma'aikata a saka a fayil, tare da wasiƙar tantancewa in ta waje ce. Kada ka shigo da sababbin kalmomin Turanci kana yi wa waɗanda suka riƙe maka aiki lacca. Sun yi kwanan da ya kamata ka yi. A taron sashe na farko ka nemi minti goma, ka nuna zanen layinka, ka ambaci sunan kowa da ya sa hannu a aikin, sannan ka roƙi abu guda wanda ke cikin ikon mai sa hannu a wannan watan, kamar a mayar da ƙunshin gaggawa daga biyar zuwa goma, a kuma sa sakataren taro ya rubuta ranar da za a dawo a duba alƙaluman.